Layin Dogo Ya Raba Mu, Filin Firamare Ya Haɗa Mu

Garinmu yana ƙasar Ringim, a gefen layin dogon da ya taso daga Kano ya nufi Nguru, kuma layin ne ya tsaga mu gida biyu. Ta kudu 'yan cikin gari ne, can gidan dagaci yake da masallacin Juma'a da tsohuwar marina. Ta arewa 'yan tsallake ne, waɗanda yawancinsu cinikin gyaɗa ne ya kawo kakanninsu suka zauna. Kasuwa ɗaya muke ci, maƙabartarmu ɗaya, kuma da wuya ka sami gidan da bai aurar ko bai auro daga ɗaya ɓangaren ba. Amma ranar da ƙungiyoyin biyu za su kara a filin firamare, ɗan'uwa ba ya ganin ɗan'uwansa da gashi. Shekara da shekaru ni ke riƙe da littafin kwamitin gasa, wato rajistar 'yan wasa da sakamako da kuɗin shiga, saboda haka daga bakin layi na ga abin da zan faɗa. Shaidata ita ce, duk rigimar da na ga ta ɓarke ana dab da tashi, tun kafin a busa usur aka shuka ta, kuma galibi kwamiti ne ya shuka ta da hannunsa, da wani ɗan abu da aka ce ba komai.

Mun taso da ƙwallon tsumma da ta roba, turakun raga kuwa takalma ne ko tubali. Manyanmu a rediyo suka san ƙwallo, har yau akwai dattawan da in ka ba su dama za su cika maka kunne da Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978. Da aka kafa Kano Pillars a 1990 muna cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka yanke Jigawa, shi ya sa idan yaro ya ce ai mu Jigawa Golden Stars ce tamu, dattijo zai ce masa, "Ɗana, ita ma tamu ce, amma da mu aka haifi Pillars." A kan Masu Gida, wato Pillars, babu cikin gari babu tsallake. Tare aka yi murnar cin gasar ƙasa a 2008, tare aka yi ta a 2012 da 2013 da 2014, kuma shekarar 2009 da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, an tashi 1-1 a Najeriya da 2-2 a Alƙahira, rediyo ɗaya aka kewaye a tashar mota. Ahmed Musa da ƙwallayensa 18 a kakar 2009/2010, da Rabiu Ali da ake wa laƙabi da Pele, ba wanda ya taɓa tambayar wane gefen layin dogo suka fi kusa da shi.

Gidan kallo ya zo da nasa rabon. Waɗanda suka ga Kanu a Arsenal daga 1999 suka manne mata, yaran da suka taso lokacin Mikel suka bi Chelsea, sauran suka watsu tsakanin Manchester United da Barcelona da Real Madrid. Sai ka ga ɗan cikin gari da ɗan tsallake a benci ɗaya ranar Asabar, suna rungume juna don an ci wa ƙungiyarsu ta Ingila, ranar Lahadi da la'asar kuma kowa ya koma gefensa yana zare wa ɗaya ido. Wannan bai dame ni ba. Abin da gidan kallo ya jawo mana shi ne, kowa ya zama rafali. Mutum ya saba a maimaita masa bugu sau huɗu, a ja masa layin satar gida a allo, sai ya zo filin da ƙura ta turnuƙe yana neman mutum ɗaya mai ido biyu ya yi masa aikin kyamara goma.

Ɗan kallo ba ƙarya yake yi ba idan ya rantse ƙwallo ta shiga. Daga inda yake tsaye haka ya gani, kuma zuciyarsa ta riga idonsa yanke hukunci. Ba a gyara wannan da wa'azi. Abin da ake yi shi ne a rage wuraren da ido zai yi gardama.

Wuri na farko raga ce. Shekarun da muka yi da turakun turare guda biyu da igiya a sama a madadin sanda, su ne shekarun da aka fi zubar da jini. Igiya tana lotsawa a tsakiya, gola mai wayo kuma yakan ɗan rataya a jikinta kafin a fara don ta ƙara sauka. A wani wasan kusa da na ƙarshe, rana ta yi ja, ɗan tsallake ya sheƙa wata ƙwallo daga wajen yadi na sha takwas, ta wuce ta faɗa gonar dawa da ke baya. Igiya ta girgiza, wannan kowa ya gani. Ta ƙasa ta bi ko ta sama, shi ne har yau ba a daidaita ba. Rafali ya tsaya da usur a baki bai busa ba, ya dubi mai tuta, mai tuta ya dubi ƙasa. Kafin ya yanke shawara mutane sun cika fili. Sati uku 'yan cikin gari ba su sayi nama a wurin mahautan tsallake ba. Da aka taru a ƙofar fada, shugaban kwamiti ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yara ne suka yi zafin kai." Dagaci ya ce, "Yara ne suka ɗaura igiyar? Ku tashi ku ba ni wuri. Kada na sake jin usur a garin nan sai kun kafa ƙarfe."

Ga yadda ake kafa shi. Tsakanin turke da turke, daga ciki zuwa ciki, mita 7.32 ne, daga ƙasa zuwa ƙasan sandar sama kuma mita 2.44. Kaurin ƙarfen kada ya wuce santimita 12. Bututun da ake samu a kasuwa ba ya kai tsawon sandar sama, sai mai walda ya yi ƙari, kuma kada a bar shi ya sa mahaɗin a tsakiya, nan nauyi yake taruwa, damina ɗaya zai lanƙwashe. A sa mahaɗin kusa da turke, a zura guntun bututu a ciki kafin a liƙe. Turakun su nitse kamar santimita 60 a ƙasa, a zuba kankare, a bar shi ya yi kwana uku ana yayyafa masa ruwa kafin yara su fara lilo a kai. Wanda bai da halin ƙarfe ya sa itace, to ya shafe gindin da baƙin mai saboda gara. A auna duka ragogin biyu da tef ɗaya a gaban kyaftin-kyaftin, domin in ɗaya ta fi ɗaya da ko da tafin hannu ne, za a gano, kuma ranar da aka sha kashi za a gano. Ita kanta ragar a ɗaure ta a kowane taku ɗaya, a kafe ƙasanta da turaku. Ƙwallo ta sha shiga ta huji a gefe ta kwanta a ciki kamar an ci, ta kuma sha shiga ta gaskiya ta fice ta ƙasa kamar ba a ci ba. Kafin kowane wasa mai tuta ya bi ragar da hannu.

Sai layi. Doka ta yarda da tsawo daga mita 90 zuwa 120, faɗi daga 45 zuwa 90. Namu 100 ne da 60. Kuskuren da ake yi shi ne awo da taku, takun dogo da na gajere kuwa ba ɗaya ba ne, sai fili ya fito kamar gonar gado. Kusurwa ana fitar da ita da igiya mai ƙulli uku: mita 6 a kan layin raga, mita 8 a kan layin gefe, in tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 10 cif, kusurwar ta miƙe. Idan an gama duka huɗun a ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, a filin 100 da 60 za a sami mita 116 da 'yan kai, kuma dole ɓangarorin biyu su zo daidai. Babban gidan gola mita 16.5 ne daga cikin kowane turke, da 16.5 zuwa cikin fili. Ƙaramin 5.5. Ɗigon fenareti mita 11 daga layin raga, da'irar tsakiya 9.15. Wannan ɗigon na fenareti a binne guntun tubali a ƙarƙashinsa, ƙasa da yatsa uku, domin na ga inda aka wayi gari ya matsa da taku guda.

Da toka muke ja, amma tokar busasshiya iskar hunturu kan kwashe ta kafin hutun rabin lokaci. A fara jan ɗan kwari da bakin fartanya, a yayyafa ruwa, sannan a zuba tokar, ko a dama farar ƙasa a zuba da butar da aka huda. A hutun rabin lokaci a sake bin layin gidan gola da na raga. Rabin gardamar "a ciki ne, a waje ne" a nan take mutuwa. Kwana ɗaya kafin wasa a fito da yara su tsince duwatsu da kwalabe har zuwa taku ashirin bayan layi, a share tsidau, a cike sawun shanu da ya bushe tun damina, shi ne yake karya idon sawu. Dutsen da aka tsince yau, ba za a jefe rafali da shi gobe ba.

'Yan kallo kuma a ja musu igiya, taku uku daga layi, bayan raga taku biyar ko a hana tsayuwa gaba ɗaya. In babu igiya, duk harin da aka kai sai sun matso, kafin a tashi fili ya rage da mita biyu ta kowane gefe, mai tuta yana gudu a cikin mutane. Kowane ɓangare da gefensa, kuma dattawan kowane ɓangare su zauna a gaban nasu yaran. Ɗan sintirin tsallake ba zai iya tsawatar wa ɗan cikin gari ba, amma kawunsa zai iya da kallo ɗaya. Sanda da gora a karɓe su a bakin shiga. Masu rake a kai su nesa, su sayar da yankakke, kada a shigo da dogon kara. Wanda bai taɓa ganin abin da karan rake yake yi wa ƙeya ba zai ɗauka wasa nake. Usur ma a karɓe, akwai masu zuwa da nasu su busa idan an tunkari ragarsu. In hakan ta faru har ta rikita 'yan wasa, rafali ya tsayar ya saki ƙwallo da hannu.

Lokaci shi ne abin da kwamitoci suka fi rainawa. Gasa ba ta yiwuwa sai an kai gero da dawa gida, kuma dole a gama kafin samari su watse cirani, Legas da Abuja da Fatakwal. Ƙungiya 16 a rukuni huɗu wasa 24 ne, a ƙara na kwata fainal huɗu, na kusa da na ƙarshe biyu, na neman na uku da na ƙarshe, ya zama 32. A fili ɗaya, in an cire Juma'a da ranar kasuwa, sati shida ne da 'yan kwanaki. Duk abin da ya haura haka, ƙungiyoyi za su fara rasa 'yan wasa su cike gurbi da waɗanda ba sa cikin littafi. Garin da bai da ƙarfi ya tsaya a ƙungiya takwas, wasa 16, ya huta. A cikin yini kuma, a watan Nuwamba da Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. In an idar da la'asar an fara huɗu da kwata, minti 45 sau biyu da hutun 15 zai kai ka shida daidai, ba ƙarin lokaci ba fenareti. Sai a zo bugun fenareti ana kiran magariba, gola ba ya ganin ƙwallo, rabin jama'a na cewa a ɗage, rabi na cewa a ƙarasa, kuma kowa lissafin ribarsa yake yi. Mu minti 35 sau biyu muke yi da hutun 10, in canjaras ne a wasan fitar da gwani a tafi fenareti kai tsaye. An rubuta, kowa ya sa hannu tun kafin ƙuri'a.

Takardar nan ita ce gasar. Shafi biyu ya isa, da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a, koci da kyaftin da mai unguwar kowace ƙungiya su sa hannu. Maki uku ga wanda ya ci, ɗaya ga canjaras. In maki ya zo ɗaya a duba bambancin ƙwallaye, sai yawan waɗanda aka zura, sai sakamakon haɗuwarsu, sai ƙuri'a. Wanda ya makara da minti 20 an ci shi uku da nema. Jan kati hutun wasa ɗaya, katin gargaɗi biyu a wasanni daban-daban haka. Wasannin ƙarshe na rukuni a buga su lokaci guda, ko da sai an ari filin maƙwabta, in ba haka ba ƙungiyoyi biyu za su san sakamakon da zai fitar da su tare su yi ta tura wa juna ƙwallo, ta ukun tana kallo tana cizon yatsa. Ƙuri'a kuwa a cikin hula, ƙaramin yaro ya ɗauko.

Doka ɗaya muka aro daga manya: laifin magoya baya na ƙungiyarsu ne. Mutanenmu sun ga yadda aka cire wa Pillars maki a 2022 saboda hargitsi, ta kuma faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar kafin ta dawo a 2023, don haka ba a sha wahalar fahimtar da su ba. Kowace ƙungiya tana ajiye kuɗin jingina daidai da kuɗin rajista. In magoya bayanta sun shiga fili, jingina ta tafi, wasan ma ya tafi. Tun da aka fara haka, koci da kansa yake juyawa ya ba mutanensa haƙuri.

Sojan haya kuwa, a nan na fi daɗewa ina fama, don littafin a hannuna yake. Ana gab da wasan hamayya sai ka ga baƙuwar fuska a layi, ƙafa duk tabon but, ana ce maka ɗan yayar wane ne da ke karatu a birni. An ɗauko shi ne daga Fagge ko Kurna ko Haɗeja, an biya shi kuɗin mota da na aljihu. Hana shi gaba ɗaya ba ya aiki, mun gwada, ƙarya kawai ta ƙaru. Abin da ya yi aiki shi ne a halatta baƙi uku ga kowace ƙungiya, a rubuta su a matsayin baƙi, biyu kacal a fili lokaci guda. Sauran suna 22 ɗin kowa da hotonsa manne a littafi, mai unguwa ya shaida ɗan unguwarsa ne, a rufe rajista kafin ƙuri'a. Kafin a fara wasa a jera su, kyaftin ɗin abokan hamayya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da littafin a hannu. Mai ƙorafi ya yi shi a nan take. Wanda ya yi shiru yana jiran ya ga ko zai ci, in ya sha kashi sannan ya zo da takarda, ba a saurarensa. Ni ra'ayina ma baƙon yana da amfani, yaranmu sun koyi tsayar da ƙwallo da ƙirji da sakin ta da wuri a wurin irinsu. Ɓoye shi ne yake kawo faɗa.

Rafali daga gari na uku ake ɗauko shi, shi da masu tutarsa biyu. Ba mai tuta ɗaya daga kowace ƙungiya, wannan tsarin hannu biyu ne a sama duk wasa, kowa yana nuna gefen da ya fi masa. Mutum biyu kawai a kwamiti su san sunansa kafin ranar. A biya shi cikakke kafin ya shiga fili, daga asusun kwamiti, kada ya ci abinci a gidan kowa sai gidan dagaci, kuma babur ɗinsa a can za a ajiye, ba a bakin fili ba. Ya zo da agogo biyu, usur biyu, kati da kwabon jefawa. Ƙwallo lamba biyar guda biyu, a duba iskarsu tare da kyaftin-kyaftin, da famfo da allura a teburin kwamiti, saboda ƙungiyar da ke gaba ta iya aika ƙwallo cikin gona, yaran gefenta kuma su iya rashin ganinta.

Yawancin ihun "rafali ya ci kuɗi" a kan dokoki biyar ko shida ne da mutane suka riƙe a karkace. Babu satar gida daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola daga ƙaramin gida. Wanda yake kafaɗa da kafaɗa da mai tsaron baya na biyun ƙarshe bai yi satar gida ba, kuma lokacin da aka buga masa ake dubawa, ba lokacin da ta same shi ba, ɗan kallo kuwa ƙwallo yake bi da ido, sai ta isa sannan ya ga mutum shi kaɗai ya ɗora hannu a ka. Ƙwallo ba ta fita ba, ba ta kuma shiga raga ba, sai dukkanta ta haye layi. Ba duk taɓa hannu ne laifi ba. Gola ya kama wadda ɗan gidansu ya mayar masa da ƙafa da gangan, bugun tazara ne mai taɓi biyu, ba fenareti ba, tun 1992 haka dokar take. Wanda ya buga fenareti ta daki turke ta dawo, ba zai sake taɓa ta ba sai wani ya taɓa. Tun 2019 bugun gola ba sai ya fita daga babban gida ba kafin ɗan gidansu ya karɓa, kuma daga 2025 golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas kwana ake ba abokan hamayya. Minti goma rafali zai ɗauka ranar buɗe gasa ya faɗi waɗannan da lasifika. Ba ya hana ihu, amma yana samar da mutum biyu ko uku a cikin kowane taro da za su ce, "Kai, yi shiru, gaskiyarsa ce."

Maganar asiri ba zan ja ta ba. Ban taɓa ganin laya ta tare ƙwallo ba, amma na ga ta tayar da wasa. Wani ya ga an tona gindin turke, wani ya ce golan tsallake ya ajiye ƙwai a raga, wata ƙungiya ta ƙi bin ƙofa ta haura katanga. Daren wasa 'yan sintiri biyu daga kowane ɓangare su kwana a filin. Awa ɗaya kafin a fara kyaftin biyu su zaga ragogi tare. Ba abin da zai zauna cikin raga sai robar ruwa, ita ma a buɗe kowa ya gani.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro masu caca ne. Mai son ƙungiya in an ci shi zai yi zagi ya tafi gida. Wanda ya sa kuɗin buhun riɗinsa shi ne yake fara tsallake igiya, don in wasa ya watse bai faɗi ba. A san su, a sa musu ido. Haka kofin da ɗan siyasa ya sa: kwamiti kada ya jefa ƙuri'a sai kyautar tana hannunsa, kofi da jesi da kuɗi, don mun taɓa gama gasa mai kofin ya daina ɗaga waya, aka bar mu da samari suna cewa mu muka cinye. Kuma kada tazarar ta ɗaya da ta biyu ta yi yawa. In na ɗaya zai ɗauki goma na biyu ya ɗauki biyu, wasan ƙarshe ya zama yaƙi. Goma da bakwai ya fi zaman lafiya.

A tanadi mota ko a-daidaita-sahu a bakin fili tun kafin a fara. Wanda suka yi karo da ka ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki, kada a ɗaga shi a jijjiga, kuma ko ya farfaɗo ya ce garau yake, wasansa ya ƙare ranar. Karayar da ƙashi ya huda fata asibiti ake kai ta, ba wurin mai ɗori ba.

Bayan an tashi ma da sauran aiki. Jerin gwanon babura da kofi shi ne ashana ta ƙarshe. Hanyar da za a bi a rubuta ta tun farko: daga fili zuwa ƙofar fada, daga nan kowa unguwarsa. Ba a tsallaka layin dogo da kofi a daren. Waƙa kuma tana da iyaka, a zagi ƙafar mutum, a zagi golansa, amma da an ambaci uwa ko ƙanwa, dattawan ɓangaren su kashe ta da kansu.

Tsokana kam ba a hana ta, kuma bai kamata a hana ba, ita ce gishirin abin, kamar wasan Fulani da Barebari. Bara 'yan tsallake ne suka ci biyu da ɗaya. Washegari da sassafe, teburin mai shayin cikin gari ya cika, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa, sai ga wani ɗan yaro ya tsallako layin dogo ɗauke da tsohon kwando a ka. Ya zo ya durƙusa gaban kocin cikin gari, wanda ƙanin mahaifiyarsa ne, ya ce, "Kawu, ina kwana. Wai in ji Yaya, golanku ya manta kayansa a fili." Kocin ya daɗe yana kallon kwandon. Sannan ya ce wa mai shayi ya haɗa wa yaron kauri da burodi, ya karɓi kwandon ya rataye a ƙusar rumfa, ya ce, "Ka gaya wa yayanka na ajiye. Baɗi da kansa zai zo ya ɗauka." Kwandon yana nan rataye. Ni kuma na riga na sayi sabon littafi, kuma mai walda ya ce ragar yamma tana buƙatar ƙari a mahaɗi kafin kaka.